Daga karkarar Ingila: wa zai ɗauko mana hoton karnukan farautar Zazzau?

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, na Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau a daji nake. Nan ana ce masa Peak District, tsakanin Manchester da Sheffield, shi ne gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da aka keɓe a Birtaniya, tun 1951.

Bari in juya kyamara. Kun ga katangar can? Duwatsu ne zalla aka jera, ba siminti ba laka. To ku dubi bayanta, ga tumaki, ga wani kare baƙi da fari yana jan ciki. Irinsa ake kira Border Collie. Makiyayin ko motsi bai yi ba, fito kawai yake yi, karen ya zagaye garken ya tattaro masa su bakin ƙofa. Sai da na nemi izininsa kafin in fara ɗauka.

Ni ba sana'ata ba ce hoto, sha'awa ce ta ƙarshen mako, amma ga abin da na koya. Kada ka ɗauki kare a tsaye, kansa zai fito ƙato, ƙafafu gajeru. Durƙusa har idonka ya yi daidai da nasa, ka taɓa wurin idon a fuskar wayar don ya fito tas. In yana gudu kuma kyamara gare ka, sa saurin ɗaukar a 1/1000 na daƙiƙa. In waya ce, ɗauki da yawa a jere ka zaɓa. Ka kuma guji rana tsaka, da hantsi ko la'asar sakaliya haske ya fi taushi.

Amma abin da ya sa na kunna kyamara daban ne. Akwai wani kare siriri mai dogayen ƙafafu da Turawa ke ji da shi, Azawakh. Asalinsa na Buzaye ne, daga yankin Mali da Nijar da Burkina Faso, a shekarun 1970 aka fara kawo shi Turai. Duk sanda na ga hotonsa, wallahi karnukan mafarautanmu nake tunawa, waɗanda ke bin bayansu da rani in an fita farautar zomo da gafiya, haƙarƙari a waje, kunne a miƙe. Na nemi hotunansu masu kyau a intanet har na gaji. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Kuma ba wurin ɗauka muka rasa ba. Ga dutsen Kufena. Ga fadamar Galma da balbelu a bayan shanu, ga madatsar Kubanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ga rimayen cikin Birni. Shamuwa tana sauka in damina ta ƙarato. Hazon hunturu da muke kuka da shi, shi ke tace rana ta zama ja, ka kalle ta ido da ido. A nan Ingila kuwa sai mutum ya yi mako yana jiran gajimare ya yaye.

Na san wani zai ce, Malam, kare kuma? Ban ce ka rungume shi ba. Karen farauta da na gadi sanannu ne a wurin malamanmu, kan na farauta ku duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida.

Ƙannena masu waya a hannu, ga roƙona. Ku je wurin mafarauci ku gaishe shi, ku ce Baba, muna son hotonka da karnukanka. Ku tambayi sunan kowane kare da dalilin sunan, ku rubuta. Ku tsaya nesa kaɗan, kada ku matsi karya mai 'yan kwikwiyo, kuma karen da ba ku san mai shi ba ku ƙyale shi, don ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu. In tsautsayi ya sa aka ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti nan take. Wanda ya ɗauka ya turo mini, zan nuna a shiri na gaba da sunan ƙauyen.