Katun ɗin da wuta ta bari, kwamfuta ta nemi cinyewa

Zainab: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malam Iro, jiya na kalli Tom and Jerry a waya, launin ya fito fes. Ai ba haka muka san shi a talabijin muna yara ba.

Malam Iro: Gyara ya sha, Zainab. Tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a kamfanin MGM na Amurka, kin ga ya girmi mahaifinki.

Zainab: To, ta yaya launi bai koɗe ba?

Malam Iro: Yauwa, nan daɗin zancen yake. Asalin fim ɗin ba shi da launi ko kaɗan. A tsarin ɗaukar fim mai launi na Technicolor, kowane zane sau uku ake ɗaukarsa: ta gilashi ja, ta kore, ta shuɗi, duka a kan fim baƙi da fari. Launi yana koɗewa, amma azurfar da ke cikin fim baƙi da fari tana jure shekaru. Idan masu gyara suka samu asalin, sai su kwafe shi cikin kwamfuta su ɗora ukun wuri guda.

Zainab: Idan an same shi, ka ce.

Malam Iro: Ƙwarai kuwa. Kafin farkon shekarun 1950 da naitiret ake yin fim, abu ne mai kama wuta kamar fetur, ko a cikin ruwa ci yake yi. A 1937 rumbun finafinan kamfanin Fox ya ƙone ƙurmus a jihar New Jersey ta Amurka. Fim ɗin da ya gaji na naitiret kuma, in ya fara ruɓewa, warin ruwan khal yake yi.

Zainab: Allah Ya kyauta! Amma yanzu ai kwamfuta ta raba gardama.

Malam Iro: Ina! Ita ma ta yi tata ɓarnar. Akwai manhajar goge datti da ƙarzuwa. Tana duba hoto ɗaya, ta duba na gabansa, duk abin da ya bayyana ya ɓace nan take sai ta ce datti ne. To shi katun, in kyanwa ta zura da gudu, kowane layin tawada hoto ɗaya yake yi ya gusa. Sai ta share shi.

Zainab: Garin neman gira ke nan!

Malam Iro: Aka rasa ido. Shi ya sa masu aikin kirki suke bi hoto-hoto da hannu. Hoto 24 a daƙiƙa guda, katun na minti bakwai ya haura hoto 10,000.

Zainab: Ni dai, Malam, gara mai tsabta. Me zan yi da ƙura?

Malam Iro: Wata ƙurar a jikin zanen take tun ranar da aka ɗauka, har da shatin burushin mai fenti. Ni a bar min su.

Zainab: Kai da ko tabaranka ba ka gogewa.

Malam Iro: Miƙo min wayar in ga na jiyan, in ƙirga gashin bakin Tom.