Gida ɗaya, lamba biyu: garin da iyaka ta bi ta tsakiyar ƙofa

Salamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da 'yan Sabon Gari. Ku bar kallon fuskata, ku dubi ƙasa. Kun ga waɗannan fararen alamomin da aka jera a kan daɓe, gefe guda an rubuta B, ɗaya gefen NL? To wallahi iyakar ƙasa ke nan. Ƙafata ta dama tana Beljik, ta hagu tana Holan. Ba igiya, ba ganga, ba duwan, ba jandarman da zai ce kowa ya sauko ya miƙo kati. Tun safe abin ke cin raina, don duk wanda ya taɓa bin hanyar Matamaye zuwa Daura ya san me ake nufi da iyaka a wurinmu.

Sunan garin Baarle, tsakanin Turnhout ta Beljik da Tilburg ta Holan. A ido gari ɗaya ne, a takarda biyu. Baarle-Hertog na Beljik, mutum wajen dubu uku. Baarle-Nassau na Holan, wajen dubu bakwai. Ko an haɗa su ba su kai Matamaye ba, amma magajin gari biyu, majalisa biyu, coci biyu.

Kuma ba layi ɗaya aka ja aka huta ba. Gutsattsarin ƙasar Beljik 22 ne a warwatse cikin Holan, kamar an watsa wa kaji tsaba. A cikin waɗannan kuma akwai gutsure 7 na Holan. Kamar a ce kasuwar Dole ta Najeriya ce, amma rumfar mai kilishi da ke tsakiyarta ta Nijar.

Asalin abin gona ce. A 1198 sarkin Brabant ya ba hakimin Breda ƙasar nan, sai dai ya riƙe gonakin da aka riga aka share suna kawo masa haraji, ya bar masa sauran. Hertog sunan sarautarsa ne a yarensu. Nassau kuma gidan da ya gaji Breda ne, gidan sarautar Holan na yau. Da aka yi sulhu a 1648, gonakin sarki suka bi kudu, wato Beljik ta yau, na hakimi suka bi arewa, wato Holan. Beljik ta ɓalle a 1830. Da aka zauna shata iyaka a 1843, aka zo tsakanin turke na 214 da na 215, abu ya gagara. Sai suka ɗauki alƙalami suka bi fili-fili, filaye 5,732, kowanne aka rubuta ƙasarsa. Ba a gama awon ƙarshe ba sai 1995.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Tasu iyakar gonar manomi ta bi. Tamu Ingila da Faransa suka yi ta jan ta, a 1898, a 1904, a 1906, kuma abin da Faransa ke nema shi ne hanya mai rijiyoyi da ayarinta zai bi daga kogin Kwara zuwa Zinder har Cadi. Hafsoshi biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa turaku 148. Ba wanda ya tambayi mai gona. Ƙasar Daura ta rabu, kawu a Zangon Daura, gwaggo a Magarya. An rufe iyakar a Agustan 2019 sai Disambar 2020, an sake rufewa a 2023, biki da jana'iza duk sai ta hanyar daji a kan babur.

To mu koma. Mutumin da iyaka ta ratsa ɗakinsa, ɗan wace ƙasa ne? Dokarsu ƙofa ce. Inda ƙofar gidanka take fuskantar titi, can za a rubuta ka, can za ka biya haraji. Shi ya sa lambar kowane gida take da 'yar tuta a jiki, ku duba wannan, baƙi da rawaya da ja, Beljik ke nan. A titin Loveren akwai gidan da layin ya bi ta tsakiyar ƙofar kanta, sai aka ba shi lamba biyu, 2 ta Beljik, 19 ta Holan. Bayan awon 1995 an samu gidan da ƙofarsa ta faɗa Holan alhali mai shi tun fil azal a Beljik take a rubuce. Ba a je kotu ba. Magini aka kira, ya mai da taga ƙofa, ƙofa taga, magana ta mutu.

Amma kar ku ɗauka babu wahala. Filin da ya hau ƙasa biyu, in za a yi gini, sai an bi ofis biyu da doka biyu. Lokacin korona a Maris 2020 Beljik ta rufe shaguna, Holan ba ta rufe ba. Shagon Zeeman na nan layin ya ratsa shi, sai aka ɗaure rabinsa da igiya: kana ganin riga a can gefen, ba halin ka ɗauka. Fetur da taba sun fi araha ta gefen Beljik, kayan cefane ta gefen Holan, kowa ya san inda zai taka. Kofin gahawa kam ko'ina yuro 3, wajen jaka biyu, kuɗin furar gida guda.

Fasa-ƙwauri ma sun sha shi, kar su yi mana fankama. Mu fetur a jarka, su man shanu. Ana ba da labarin mata suna ɗaura shi cikin tufafi, duwan kuma ya zaunar da su kusa da murhu yana ta jan hira har man ya narke. A yaƙin duniya na farko Jamus ta mamaye Beljik, Holan kuwa ba ta shiga yaƙin ba, don haka sojan Jamus ba shi da ta inda zai iso gutsattsarin nan sai ya taka ƙasar Holan. Nan ya zauna Beljik mai 'yanci, har suka kafa tashar aika saƙo ta rediyo. Jamus kuma ta ja waya mai lantarki, bolt 2,000, a kan babbar iyakar ta kudu, ta ci rayuka da yawa.

Yanzu ga gargaɗina ga 'yan uwa da ke nan Turai. Rashin shinge ba rashin doka ba ne. In kana da katin zama na Beljik, riƙe shi tare da fasfo, kana iya shiga Holan ziyara, amma ba aiki ba. In kuwa takardarka ta neman mafaka ce ba a gama ba, kar ka zo nan ɗaukar hoto, taku ɗaya ya fitar da kai daga ƙasar da ke riƙe da maganarka. Jirgin ƙasa ba ya zuwa, tsohon layin dogon an mai da shi hanyar keke, sai bas daga Turnhout ko Tilburg, kuma ka duba lokacin ta ƙarshe tun kafin ka sauka. In za ka tsaya kan layin ka ɗauki bidiyo, ka kauce wa jan daɓen nan, na masu keke ne, kuma ba sa tsayawa. Ga wata tsohuwa can ta taho, bari in matsa Holan.