Amsoshin Tambayoyinku: Doki Na Ci Amma Yana Ramewa

To jama'a barkanmu da war haka, yau saƙon farko daga Tibiri ya zo, wani Alhaji ne ke cewa ingarmansa na cin harawa da gero kullum, har maganin tsutsa ya ba shi, amma sai ramewa yake, kuma in aka sa mai linzami sai ya yi ta kaɗa kai.

Alhaji, ni dai bakinsa nake zargi ba cikinsa ba. Haƙorin doki ba irin namu ba ne, kullum ƙara fitowa yake, kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna ce ke cinye shi. To muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa turame ba sa gogewa daidai, na sama su yi kaifi ta wajen kumatu, na ƙasa ta wajen harshe, sai su riƙa yankar shi duk sanda ya yi tauna. Gobe da safe ka shiga barga kafin a yi shara, duba ƙasa, in ka ga dunƙulen harawa jiƙe da miyau ya tauna ya zubar, sannan ka tona kashinsa da kara ka ga ƙwayar gero ko dawa yadda take ba ta fashe ba, to magana ta fito. Ka shinshina bakin ma, in da wari ko majina mai ɗoyi na fita ta hanci guda kawai, wataƙila saiwar haƙorin sama ce ta ruɓe.

Amma don Allah kar ka cusa hannu, turamen can ciki suke kuma yatsa ba komai ba ne wurinsu. Nemi likitan dabbobi ya sa ƙarfen buɗe baki, ya haska tocila, ya goge kaifin da magagari. Sau ɗaya a shekara ya kamata a duba.

Sai wani matashi daga Madarumfa, wai duƙushinsa ɗan shekara 3 ya yar da haƙori, gandarsa ta ɗan kumbura, an ce a ƙona da ƙarfe. A'a ƙanena, kar ka yarda! Famfara yake yi, daga shekara 2 da rabi ake farawa, zuwa 5 an gama. Jiƙa mai dusa ka bar shi, sai in ya daina cin abinci gaba ɗaya ka kira likita.