Darasi: Laftof mai mutuwa ana tsaka da aiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Jos nake magana. Wannan kwamfutar da kuke gani a gabana tawa ce, ta hannu na saye ta, kuma ta ba ni wahala iya wahala. Wata rana da daddare ina shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai, sai ɗif, ta ɗauke. Na kunna, bayan minti ashirin ta sake. Sau uku a dare ɗaya, aikin awa biyu ya tafi. Wallahi ranar har hawaye sai da ya zo mini. Na kai wa wani mai gyara, ko buɗewa bai yi ba ya ce bod, wato babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai, shi ne ya ƙone, ya yanka mini kuɗin da ya kusa sayen wata. Ashe ƙura ce kawai.

Mu a Jos sanyi yana yaudararmu. Mutum ya ce ai garin da sanyi, ina kwamfuta za ta yi zafi? To ku tuna yadda muke yi a watan Disamba: mu shige cikin bargo, mu ɗora ta a kai. Ƙofofin da take shaƙar iska a ƙasanta suke, bargo ya toshe su. Ga kuma ƙurar hunturu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, idan zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu, shi ne za ka ga tana jan ƙafa. Idan abin ya ƙi, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ƙanena, matso da kyamarar nan. Na cire caja, na kashe ta gaba ɗaya. Na kwance kusoshin baya, ina zuba su a faranti, don ba tsawonsu ɗaya ba. Da zarar murfi ya buɗe, abin farko shi ne zare wayar batir daga jikin bod. Kada ku taɓa komai kafin wannan.

Ga fankar. Ku dubi tsakaninta da waɗannan siraran ƙarafan da iska ke fita. Kun gani? Wata shida kacal da sharewar ƙarshe, amma har ƙura ta fara taruwa. Ranar da na fara buɗewa, dunƙule na zaro kamar audugar katifa, launin toka, har da zaren bargo a ciki. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa. Idan za ku hura iska, ku danne fankar da yatsa, kada ta yi ta juyawa da ƙarfi ta lalace. Wannan bututun jan ƙarfen shi ke kwashe zafi daga furosesa, a ƙarƙashinsa akwai wani mai mai kauri da ake shafawa. In ya bushe ya zama kamar alli, a goge a sa sabo, daidai ƙwayar wake. In hannunku bai saba ba, wannan ku bar wa mai gyara, amma ku tsaya a kansa.

Sai batir. A Windows, ku buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ku rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da abin da yake iya riƙewa yanzu. Nawa bai kai rabi ba, shi ya sa da NEPA ta ɗauke wuta take bin ta. Idan kuma kun ga wurin da ake goga yatsa ya ɗago sama, batir ne ya kumbura. Don Allah kada a danna shi, kada a huda shi, yana iya kamawa da wuta. A cire.

Caja kuwa, ku juya bayanta ku karanta ƙarfin wutar da take bayarwa, wanda ake aunawa da bolt da wat. Yawancin na HP da Dell bolt 19.5 ne, na Lenovo 20. Mai wat 45 ba za ta ɗauki nauyin kwamfutar da ke neman 65 ba, ko da bakin ya shiga daidai.

Akwai ƙara guda da nake roƙonku kada ku yi wasa da ita: ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. Ma'ajiyar bayanai ce mai faifai take shirin mutuwa. A ranar ku kwashe takardunku da hotunanku, sannan a sa SSD, wato irin ma'ajiyar da ba ta da abin da ke juyawa.

To, na mayar da wayar batir, na rufe. Bismillah. Kawo makirfon ɗin kusa da nan gefen, su ji iskar tana fita.