Al'ada ta tsaya: girma ne ko ciki ne?

Assalamu alaikum. Na can baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan yi magana a kai, ɗaukewar al'ada, da farkon ciki, da inda suke haɗuwa.

Na farko, ba a cewa al'adar mace ta ɗauke sai ta yi wata 12 cur a jere ba ta ga jini ba, kuma yawanci tsakanin shekara 45 ne zuwa 55. Kafin nan akwai 'yan shekarun da al'adar take wasa, ta zo wannan watan, ta yi shiru wata biyu, ta dawo da yawa. Sinadarin istirojin, wanda jikin mace yake samarwa don tafiyar da al'ada, shi ne yake raguwa, shi ya sa zafi zai taso miki daga ƙirji zuwa fuska, ki farka tsakar dare riga sharkaf da gumi, barci ya ƙi, gaba ta bushe har saduwa ta zama wahala. Akwai magani, ki daure ki faɗa wa likita.

To a nan nake so ku ba ni hankalinku. A shekarun nan da al'ada take wasa ƙwai bai ƙare ba. Yana fita, ranarsa ce kawai ba ta da tabbas. Sai ki ga mace 'yar 44 ta yi wata biyu ba ta gani ba, ta ce ai girma ne ya zo, ga jikoki, ashe kawun jikokin ne a hanya. Na ga Hajiya tana dariya, wallahi yana faruwa. Gwajin fitsari minti biyar bai kai ba, ki yi, ko shekararki nawa in dai ba ki cika wata 12 ɗin nan ba.

Me ya sa na dage? Saboda ciki a bayan mahaifa. Ƙwai ya haɗu da maniyyi, maimakon ya gangara mahaifa sai ya maƙale a hannun mahaifa, wani siririn bututu ne da ba zai iya ɗaukar ɗa ba. Cikin yana girma bututun yana miƙewa, har ya fashe, jini ya rinƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Kusan 1 zuwa 2 cikin kowane ciki 100 haka yake zuwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa bayan shekara 35. Alamarsa ciwon mara a gefe ɗaya, ɗigon jini baƙi-baƙi, jiri, wata har ta ji ciwo a saman kafaɗa, wata ta tashi tsaye ta faɗi. Yanzu ku duba, matar da ta riga ta yanke cewa girma ne, za ta ce ciki ne? Ba za ta ce ba. Za ta sha maganin ciwo ta kwanta. Ciwon gefe ɗaya da jiri bayan ɓatan wata, ba a jiran gari ya waye, asibiti a daren, a yi sikanin. Na maimaita, a daren.

Sai kuma farkon ciki, to bari in yi sauri lokaci ya tafi. A sha ƙwayar bitamin ta folik asid maikurogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki cikin har sati 12, domin lakar jariri tana rufewa a watan farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau 8, na farko cikin sati 12 na farko. Ɓari kuwa, mafi yawan na farkon ciki daga halittar ƙwan ne tun asali, don Allah a daina cewa mace ita ta jawo.

Na'am 'yar'uwa, ɗaga murya. Ta ce mahaifiyarta ta shekara uku da daina al'ada, yanzu ta ga jini, ko al'adar ce ta dawo? A'a, ba ta dawowa. Sau da yawa fatar gaba ce ko ta mahaifa ta yi siriri, amma haka nan sankarar mahaifa take fara nuna kanta, kuma in an kama ta da wuri ana warkewa sosai. Ko ɗigo ɗaya ne a zane, ko sau ɗaya ne ya tsaya, ki kai Mama a duba ta cikin satin nan, a yi sikanin a auna kaurin mahaifar, in ya kama a ɗebi ɗan nama a gwada. Ki raka ta da kanki, ta fi sakin jiki ta yi bayani.