Daga Richmond: masu rubutun siyasa da zaɓen jiha a Virginia

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Richmond, babban birnin jihar Virginia a Amurka. Wancan farin ginin mai dogayen ginshiƙai da kuke hangowa a bayana shi ne majalisar dokokin jihar, kuma Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, shi ne ya zana shi. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyi ya fara shigowa.

Idan aka ce siyasar Amurka, hankalinmu Washington yake tafiya. Amma abin da ke taɓa talaka kai tsaye, yawancinsa a irin wannan ginin ake yanke shi. A nan aka amince a 2018 da faɗaɗa inshorar lafiya ta Medicaid ga masu ƙaramin ƙarfi, kimanin mutum 400,000 suka cancanci shiga. A nan aka soke hukuncin kisa a 2021, Virginia ta zama jiha ta farko a kudancin Amurka da ta yi haka. Majalisar wakilai kujera 100 ce, ta dattawa 40. Albashin ɗan majalisar wakilai dala 17,640 ne a shekara, shi ya sa yawancinsu suna da sana'arsu a gefe, lauya ne ko malami ko ɗan kasuwa.

Ita Virginia ba ta hutawa da zaɓe. Na jiha a shekarun mara ake yi, na tarayya a shekarun cika, don haka kowace shekara akwai akwati. Kuma gwamna ba ya tazarce, shekara huɗu ya sauka, in yana so ya dawo sai ya jira wani ya yi nasa zangon. A zaɓen 2025 Abigail Spanberger ta zama mace ta farko da ta ci kujerar gwamna a nan, Ghazala Hashmi, Musulma haifaffiyar Indiya, ta ci ta mataimakiyar gwamna.

Kamfe ɗinsu babu kiɗa babu jerin gwanon motoci. Alluna ne ƙanana ake kafawa a ciyawar ƙofar gida, sai takardar da ake rataye maka a hannun ƙofa. Wata Asabar wata dattijuwa ta ƙwanƙwasa mini, takalmin gudu a ƙafa, waya a hannu. A wayar akwai jerin gidajen layinmu, ba kowane gida take shiga ba, sai wanda aka sa mata alama. Ta ce aikin sa-kai take yi, ko kuɗin mai ba a ba ta. Na tambaye ta inda ta san ɗan takarar da take yi wa aiki, tunda ni ban taɓa ganinsa a talabijin ba. Ta buɗe mini wani shafi a intanet, rubutu zalla, ko hoton kirki babu, an jera mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, an rubuta wanda yake da tazara da wanda kujerarsa ke rawa.

To masu irin waɗannan shafukan su ne maganarmu ta yau, musamman masu ra'ayin kawo sauyi da ke jingine da jam'iyyar Democrat.

Labarinsu a Virginia ya faro ne da wani shafi mai suna Raising Kaine, wanda Lowell Feld ya buɗe a 2005 don mara wa Tim Kaine baya a takarar gwamna. Kaine ya ci. Shekara ta zagayo, zaɓen sanata ya zo, Sanata George Allen na Republican yana kan kujera daram, har ana lissafa shi cikin masu neman shugaban ƙasa a 2008. Sai waɗannan marubuta suka shiga tara sa-hannu da alƙawarin gudummawa don su jawo Jim Webb, tsohon sakataren rundunar ruwa a zamanin Reagan, ya fito takara a Democrat. Ya fito, ya ci zaɓen fid da gwani.

A watan Agustan 2006 Allen yana jawabi a wani ƙauye can kudu maso yammacin jihar, sai ya nuna wani matashi ɗan asalin Indiya da ke ɗaukarsa a bidiyo a madadin kwamitin Webb. Ya kira shi da wani suna na ƙasƙanci, ya yi masa barka da zuwa Amurka, alhali yaron a Virginia aka haife shi. Lokacin YouTube bai fi shekara ɗaya da rabi a duniya ba. Shafukan nan suka ɗauki bidiyon suka ƙi saki, yau su kawo shi gobe su maimaita, jaridu da talabijin kuma suna ta juya maganar. A Nuwamba Webb ya yi nasara da ƙuri'a dubu tara da 'yan kai, cikin sama da miliyan biyu, kuma da kujerarsa Democrat suka karɓe rinjaye a majalisar dattawan tarayya.

Kada ku ɗauka miliyoyi ne ke karanta su. A ganina ƙarfinsu yana wajen su wa ke karantawa: 'yan jarida, masu ba da gudummawa, ma'aikatan kamfe, da irin dattijuwar nan mai bin gidaje. A zaɓen jiha mutum ɗari masu himma sun isa su juya mazaɓa. In kuna shakka, a 2017 mazaɓa ta 94 ta majalisar wakilan jiha a Newport News ta tashi kunnen doki, David Yancey na Republican da Shelly Simonds ta Democrat kowa ƙuri'a 11,608. A Janairun 2018 aka sa sunayensu a kwano aka zaro ɗaya, Yancey ya fito, Republican suka riƙe majalisar da kujera 51 da 49.

Aikin da na fi yaba musu shi ne bin sawun kuɗi. A Virginia doka ba ta sa iyaka kan abin da mutum ko kamfani zai ba ɗan takarar jiha ba, sharaɗin kawai a bayyana. Akwai ƙungiya mai zaman kanta, VPAP, da ke jera waɗannan bayanai kowa ya gani. Marubutan sai su ɗauko su ajiye kusa da yadda ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a. Da irin wannan naci maganar gudummawar kamfanin lantarki na Dominion Energy ta zama abin da ake tsare ɗan takara da shi, har wasu suka riƙa shelar cewa ba za su karɓa ba.

Amma fa ba 'yan jarida ba ne, kuma ba su ce su ne ba. Sun fi kama da sojojin bakanmu na rediyo, sai dai su da takarda a hannu suke zuwa. Shi kansa Feld daga baya kwamitin Webb ya ɗauke shi aiki. Idan na gida ya yi kuskure, muryar takan yi ƙasa. A 2019 da wani tsohon hoto na nuna wariyar launin fata ya fito daga littafin makarantar gwamnan lokacin, Ralph Northam na Democrat, wani shafin masu ra'ayin riƙau ne ya fara bankaɗo shi, ba su ba. Don haka ni in na karanta nasu sai na leƙa na ɗaya ɓangaren, sannan in duba alƙaluman da kaina.

Raising Kaine ya rufe a ƙarshen 2008, Feld ya ci gaba da Blue Virginia. Yawancin takwarorinsa sun watse, hirar ta koma Facebook da X da gajerun bidiyo, inda ihu ya fi hujja tafiya. Wanda zai zauna ya karanta ƙudurin doka mai shafi hamsin ba tare da an biya shi ba, ya yi ƙaranci. Wasu kafofi marasa neman riba, irin su Virginia Mercury da Cardinal News, sun ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Bari in matsa wajen masu gadi in ji ko za su bar ni in shiga zauren majalisar da kyamara. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.