Yadda kalsiyam ke haska ƙwayar ƙwaƙwalwa a gaban idona

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da duhun nan, ba a kunna fitila idan ana aiki da wannan madubin ƙara girma. Ƙarfe tara na dare ke nan a ƙasar da nake karatu, kowa ya watse, daga ni sai ƙugin na'ura. Bari in juya muku kyamara wajen allon kwamfuta.

Kun ga waɗannan zaruruwan masu kama da saiwar bishiya? Ƙwayoyin jijiya ne na ƙwaƙwalwar ɓera, mu muka raine su a faranti. An sa musu wani furotin mai suna GCaMP, wanda aka samo tushensa daga wata halittar teku mai ƙyalli. Da zarar kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwaya, sai furotin ɗin ya haska kore. To ku zuba ido, zan ɗiga musu wani sinadari mai suna gulutamet. Ga shi nan! Kun ga yadda hasken ya tashi a reshe ɗaya, ya bi ya mamaye sauran? Wallahi har yau jikina yakan yi yam idan na ga wannan.

Gulutamet shi ne babban ɗan aiken da ke zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ƙwaya ɗaya ta sake shi, ya tsallaka ɗan ratar da bai wuce nanomita 20 zuwa 30 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ya taɓa ƙofofin da ke jikin maƙwabciyarta. Ƙofar AMPA ba ta da jinkiri, nan take take buɗewa sodiyam ya shiga. Amma ƙofar NMDA ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin akwai maganiziyam da ya toshe bakinta kamar murfin kwalba, abin da masana suka gano a 1984. Ko gulutamet ya zo, murfin ba ya fita sai ƙwayar ta riga ta zabura. Sai an haɗa biyun, saƙo daga waje da shiri daga ciki, sannan kalsiyam ya samu hanya.

Kuma shigarsa ba ƙaramin abu ba ne. Kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwaya ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000, kamar ruwan da madatsa ta tare. Ɗan buɗi kaɗan ya isa. Wasu ƙofofin gulutamet ɗin ma ba sa shigo da shi daga waje, sai dai su aika a buɗe rumbun ajiyarsa da ke cikin ƙwayar.

Idan ya shiga, yakan tayar da wani furotin, CaMKII, shi kuma ya sa a ƙara ƙofofin AMPA a wurin. Gobe idan saƙon ya dawo, za a ji shi da ƙarfi. Tim Bliss da Terje Lømo ne suka bayyana wannan ƙarfafar mahaɗa, wato wurin da ƙwaya ke miƙa wa ƙwaya saƙo, a 1973, bayan gwaji a kan zomaye a birnin Oslo, kuma a kanta aka gina yawancin fahimtarmu game da koyo da tunawa.

Sai dai akwai ranar da na bar gulutamet ya daɗe a faranti. Hasken ya tashi, ya ƙi sauka. Rassan suka kumbura ƙulli-ƙulli kamar tsakiya a zare, washegari ƙwayoyin sun mutu. Raina ya ɓaci sosai, don irin abin da ke faruwa ke nan a kan mai shanyewar ɓarin jiki: jini ya yanke, gulutamet ya malale, kalsiyam ya cika ƙwaya har ya tayar da sinadaran da ke cinye ta daga ciki. An gwada magungunan da ke rufe ƙofar NMDA ruf a kan masu wannan ciwo, ba su yi nasara ba, tunda ƙwaƙwalwa ba ta iya aiki sai da ƙofar. Memantine, da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzaima, ɗan karo ta kawai yake yi.

Bari in wanke musu gulutamet ɗin yanzu kafin ya yi yawa. Ku duba, koren yana dusashewa a hankali, ƙwayoyin suna fitar da kalsiyam ɗin waje. Nan da 'yan mintuna zan sake ɗigawa mu gani.